Bala Usman da Masu Cewa Ba Falsafa Ya Yi Ba

Har yanzu akwai malaman jami'a da ke ɗaure fuska idan aka sa Dakta Yusufu Bala Usman cikin masana falsafa. Wai masanin tarihi ne, ɗan gwagwarmaya mai zafin alƙalami, bai bar littafi a kan haƙiƙanin sani ko samuwa ba. Haka aka daɗe ana yi wa Karl Marx, ana cewa tattalin arziki kawai ya sani, alhali digirinsa na dakta na 1841 a falsafa ya yi shi. Hujjar ba ta da ƙafa a can, ba ta da ita a nan.

Kowa ya san tarihin Bala. An haife shi a Musawa a 1945, ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, shi da Segun Osoba suka ƙi bin ra'ayin sauran 'yan kwamitin tsarin mulki a 1976, ya yi sakataren gwamnatin Balarabe Musa, ya rasu a Satumban 2005. Abin da na fi so a duba shi ne yadda yake karatu.

Ɗauki nazarinsa a kan Heinrich Barth, Bajamushen da ya shiga Katsina a 1851. Kafin Bala, da yawa sun riƙi littafin Barth tamkar yankan wuƙa, tunda ganau ne ba jiyau ba. Bala ya tsare ganau ɗin da tambaya. Da wane ido ya gani? Wace fahimta game da launin fata da asali ya ɗauko daga Turai tun kafin ya ga ganuwar Katsina? Da wa ya zauna, wa ya ba shi labari? Mai yin waɗannan tambayoyi yana binciken yadda sani yake samuwa ne, da inda yake gurɓata. Idan wannan ba falsafa ba ce, a gaya mini sunanta.

Da wannan awo ya auna labarin nan cewa jihadi faɗan Fulani da Haɓe ne kurum. A littafinsa na 1981 a kan Katsina, ƙasa da sarauta da sana'a da ƙaura ya sa a gaba, ya ƙi yarda ƙabila ta zama mabuɗin komai. Mutumin birnin Zariya ba ya buƙatar dogon bayani. Gidajen sarautarmu huɗu ne: Mallawa, Barebari, Katsinawa, Sulluɓawa. Duk "Fulani" ake rubuta su a littafin makaranta, amma sunayen biyu daga ciki Borno da Katsina suke nunawa, kuma gogayyar da ke tsakaninsu ta fi waccan kalma bayyana tarihin fadar Zazzau.

Ni a ganina, masu musun nan sun ƙuntata falsafa ne cikin sashe ɗaya na jami'a a Samaru. Su shigo birnin Zariya ta Ƙofar Doka da asuba, su leƙa zaurukan Unguwar Juma, su ji malami yana tsayar da ɗalibi a kan ruwaya: wa ya faɗa, daga wa ya ji, adali ne? Ban ce a zaure Bala ya koyi dabararsa ba. Na ce dangi suke, kuma ɗalibin da ya sha usulu da manɗiƙi a kan buzu zai riga mai haddar sunayen Girkawa gane abin da Bala ya yi wa Barth. Irin waɗannan ɗalibai nake so su karanta shi, shi ya sa ya kamata a mayar da nazarinsa a kan Barth zuwa Hausa.