Jinjina ga Masu Lambun Bayan Ɗaki

Tun kafin hadari ya fara haɗowa, matan da ke noman bayan ɗaki sun gama lissafi. An tara kashin awaki, an gyara dangar kara saboda akuyar maƙwabta, wadda ba ta jin kora. Irin kuɓewa da na yakuwa kuwa tun bara yake cikin kwalba, an barbaɗa masa toka don ƙwari. Haƙurinsu ne ya fi burge ni: yayyafin farko ba ya ruɗarsu, sai ƙasa ta ƙoshi da ruwa suke shuka. Kabewa a gindin rumfa don ta hau, alayyafo kusa da wurin wanke-wanke. Sannunku da aiki, iyayenmu mata.