Mai Hanci da Marar Hanci: Wa Ke Zana Babbar Mota?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Mararrabar Jos da la'asar, lokacin da manyan motoci suka yi sahu a gefen titi, direbobi na alwala, yaran mota na duba taya, zai ga fuskoki iri biyu in ya lura. Ga Mack da dogon hancinta a gaba, injin yana ciki, direba yana can baya. Ga kuma DAF da MAN da Howo, fuska a shafe kamar bango, direba zaune a bisa injin. In aka yi sa'a, a tsakaninsu za a ga tsohuwar roka, wato Marsandi 911, da guntun hancinta mai zagaye. Da yawa suna ɗauka ado ne kawai, kowane kamfani da abin da ya ga ya yi masa kyau. Ni kuwa da na bi tarihin abin, sai na ga injiniya shi ne na ƙarshe a masu yanke hukunci. Kafin ya ɗauki alƙalami, doka ta riga ta gindaya masa iyaka, hanya ta faɗi nata, makanike kuma yana jira a gaba ya gyara abin da bai yi masa ba.

Motar ɗaukar kaya ta farko da Gottlieb Daimler ya ƙera a Jamus a 1896 amalanke ce da aka cire wa doki, aka ɗaura mata inji mai ƙarfin doki 4 a baya, tana ɗaukar kilo 1,500. Sai a 1923 da 1924 ne kamfanonin Benz da Daimler da MAN suka fito da masu shan man gas, wato dizal, kuma daga nan a hankali aikin nauyi ya koma kansa. Shekaru da dama bayan haka, yawancin manyan motoci a duniya masu hanci ne. Rabuwar ta zo daga baya.

A Turai, doka tana auna motar ne gaba ɗaya, daga goshi har wutsiya. Kai da tirelarsa ba za su wuce mita 16.5 ba, nauyi kuma tan 40 a yawancin tafiye-tafiyen tsallaka ƙasa. Tirelar da aka saba da ita mita 13.6 ce. Yi lissafin abin da ya rage. Duk taƙin da aka ba wa hanci, daga wurin kaya aka yanko shi, kuma kaya ne ke biyan kuɗi. Shi ya sa aka ɗora ɗakin direba a kan injin, aka matse gadonsa a bayan kujera, da wuri ya ƙare kuma aka riƙa ƙara wa ɗakin tsayi sama, kamar yadda Volvo ya yi da Globetrotter a 1979. Scania ya daɗe yana riƙe da mai hanci, amma a 2005 shi ma ya daina ƙera ta.

Labarin roka ya fi ba ni sha'awa, domin motar da muka ɗauka tamu ce, a majalisar Jamus ta Yamma aka yanke mata hanci. A shekarun 1950 ministan sufuri na ƙasar, Hans-Christoph Seebohm, ya tsuke tsawo da nauyin manyan motoci, da nufin kaya su koma jirgin ƙasa. Kamfanin Marsandi bai so ya rabu da masu sayen da ba su yarda da zama a kan inji ba, sai ya bi tsaka-tsaki: a 1959 ya fito da mai guntun hanci, rabin injin a waje, rabi ya shigo cikin ɗakin direba. Dokar ba ta daɗe ba aka sassauta ta, Jamusawa suka koma marasa hanci, amma motar ta ƙi mutuwa. An ci gaba da ƙera ta don kasuwannin waje har tsakiyar shekarun 1990, an harhaɗa ta a Burazil da Ajantina da Iran. Ita ce ta yi dakon gyaɗa da hatsi da shanu a hanyoyinmu, kuma manyan 'yan uwanta ne ke ratsa rairayi daga Agadas zuwa Dirku da kaya jibge har ba a ganin bodin.

Amurka ta bi wata hanyar. Da can su ma dokokin jihohinsu suna auna tsawon motar duka, shi ya sa a shekarun 1960 da 1970 marasa hanci irin na Freightliner suka cika titunansu. A 1982 aka yi dokar tarayya da ta ce a manyan hanyoyi tirela kaɗai za a auna, kai kuwa ya yi tsawon da ya ga dama. Cikin 'yan shekaru hanci ya dawo. Peterbilt 379, da aka ƙera daga 1987 zuwa 2007, ta zama abin alfaharin direban da ya mallaki motarsa, da bututun hayaƙi biyu a tsaye da ɗakin kwana a baya wanda mutum zai miƙe a ciki. Abin da ya rage a matse shi ne nauyi, fam 80,000, wajen tan 36, ƙasa da na Turai. Mack kuwa, da aka kafa a 1900, sojojin Ingila ne suka laƙaba wa motarta sunan kare mai taurin kai a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kamfanin ya karɓi sunan ya ɗora gunkin karen a kan hanci har yau.

Kowace da ranarta. Mai hanci ta fi laushin tafiya, domin direba ba a kan tayar gaba yake zaune ba, makanike kuma ɗaga murfi kawai zai yi ya ga inji. Marar hanci ta fi iya kwana a lungu, direba yana ganin abin da ke gabansa sosai, amma sai an kifa ɗakin gaba ɗaya kafin a kai ga injin, kuma ranar karo babu komai tsakanin direba da abin da ya daka sai gilashi da ƙarfe kaɗan. Duk wanda ya ga yadda kan DAF ke komawa bayan taho-mu-gama ba zai ɗauki wannan da wasa ba.

Inda ƙasa ta yi faɗi mutane suka yi kaɗan, sai doka ta saki hannu: a Ostareliya kai ɗaya yana jan tirela uku ko huɗu har mita 53.5, a Finlan kuma masu dakon itace suna kai tan 76. Inda babu hanya ma, sai a sake tunani daga tushe. Kamfanin Tatra na ƙasar Cek, tun zamanin injiniyansa Hans Ledwinka a shekarun 1920, ya ƙi shasin da kowa ya sani mai kama da tsani. Ya sa ƙaton bututun ƙarfe guda ya zama ƙashin bayan motar, kowace taya tana hawa da sauka ita kaɗai, injin kuma iska ke sanyaya shi, babu lagireto balle a nemi ruwa. Berliet na Faransa ya ƙera T100 a 1957 don aikin man fetur a saharar Aljeriya, guda huɗu kacal, sannan a 1959 da 1960 ya tura ayarin motocinsa suka ratsa Tenere ta Nijar har Cadi.

Sai dai mai zane na uku, wanda ba a rubuta sunansa a jikin mota, shi ne ya fi cancanta a tsaya a kansa. Bedford TJ ta fito a Ingila a 1958, mota ce matsakaiciya da aka yi wa manoma da 'yan kwangila. A Sudan ta zama wani abu dabam. Maƙera da makanikai sukan wargaza ta, su ƙara wa shasi ƙarfi, su ƙara ganyen sifirin, su canza inji, su gina mata bodin ƙarfe, ta ɗauki abin da masu ita na asali ba su taɓa tsammani ba. Suna kiranta sifinja, sunan silifan roba, saboda laushin tafiyarta. A Pakistan ma ita ce aka fi yi wa ado da fenti da sassaƙa. Kamfanin Bedford ya daina ƙera manyan motoci tun shekarun 1980, amma motar tana aiki, domin ilimin ƙera ta ya riga ya koma hannun mutane. Haka roka take a wajenmu: inji da shasi na Bajamushe, bodin katako na kafintan gida, kirarin da ke goshinta na mai mota. Abin da ya raya waɗannan motoci biyu shi ne babu abin da suka ɓoye wa mai sifana. Famfon mai na ƙarfe ne, ana kwance shi a gindin bishiya a mayar.

Sunaye a yau suna da yawa, iyayen gida kaɗan ne. Kenworth da Peterbilt da DAF duk na PACCAR ne. Mack da manyan motocin Renault na Volvo. MAN da Scania da International suna ƙarƙashin Traton na Volkswagen. Freightliner kuma na Daimler tun 1981.

Akwai wani abu da ke ci mini rai a tarihin nan. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980 Najeriya tana da masana'antun harhaɗa manyan motoci huɗu: Leyland a Ibadan, ANAMMCO mai Marsandi a Inugu, NTM mai Fiat a Kano, da Steyr a Bauchi. A 1983 ƙasar Sin ta sayi lasisin ƙirar Steyr ɗin nan ta Ostiriya. Ba harhaɗawa kaɗai suka tsaya yi ba, sun koyi zuba inji da yin giya da gatari a gida. Daga wannan tushe Sinotruk na birnin Jinan ya fito da Howo, injinta WD615 jikan na Steyr ne, kuma a 2009 MAN ya sayi kashi ɗaya cikin huɗu na kamfanin. Yau Howo ce ke dakon siminti da yashi a titunanmu, har ana harhaɗa ta a Ikeja tare da kamfanin Ɗangote. Mu da su kusan lokaci ɗaya muka karɓi baƙo guda, mu ma har mun riga su. Tamu masana'antar ta dogara da kayan da ake shigowa da su a akwati, da Naira ta faɗi sai aiki ya tsaya.

Abin da ya biyo baya shi ne muka zama masu gadon dokar wasu. Kan DAF ɗin da ke ɗauko kaya daga Apapa zuwa Kano an auna shi ne da titin Turai da tan 40, mu kuma muna ɗora masa abin da ya fi haka nesa, a kan kwaltar da ramuka suka cinye, sannan mu yi mamakin karyewar gatari da tsinkewar birki. Sababbin kuma sun fi wuyar sha'ani. Tun daga 1992 Turai ke tsaurara dokar hayaƙi mataki-mataki, har aka kai Euro VI wajen 2013. Dokar tana da kyau, hayaƙin dizal yana kashe mutane a hankali. Amma motar da ta cika ta tana buƙatar tataccen mai, da ruwan AdBlue, da kwamfutar da za ta rage wa injin ƙarfi da kanta in ta ji abin da bai yi mata ba. Makaniken da ke gane ciwon inji da kunne yanzu sai ya nemo mai na'ura, in bai samu ba ya cire abin da ya gagare shi, hayaƙin da aka hana a can ya dawo sararinmu.

Doka ba ta gama zane ba. Daga 2020 Tarayyar Turai ta yarda ɗakin direba ya ɗan ƙara tsawo in zai rage jan iska ya kuma kare masu tafiya a ƙasa, sai ga DAF a 2021 da XG, goshinta ya ɗan turo gaba. An kuma ƙara wa masu aiki da lantarki har tan 2 saboda nauyin batir, a Sin ma ana musanya batirin tifa a tasha cikin mintuna. Waɗannan motoci, in sun gama shekarunsu a can, ta Kwatano da Legas za su shigo. Yaron da ke wanke sifana a garejin Mararraba yau, shi ne zai kifa ɗakinsu ya leƙa.