Masu Jinyar Tsofaffin Jiragen Alminiyum a Kogin Ohio

A Kogin Ohio da ke Amurka, da tafkunan da ke wannan shiyya, har gobe ana ganin wasu jiragen ruwa na shaƙatawa da suka ba shekara arba'in baya, wasu ma hamsin, suna keta ruwa garau. Marinette ake kiransu. A birnin Louisville na jihar Kentucky aka riƙa ƙera su tun shekarun 1950 har zuwa wajajen 1990, akasarinsu a masana'antar Aluminum Cruisers. Masu tsawon ƙafa 28 da 32 su suka fi yawa, kowanne da ɗakin kwana da ɗan madafi da makewayi, yadda magidanci zai kwashi iyalinsa su yi kwana biyu a kan ruwa. Gangar jikin zallar alminiyum ce da aka haɗa da walda. An daɗe da daina ƙera su, amma akwai mutanen da suka iya jinyarsu, kuma wannan iyawa ce take burge ni.

Jirgin katako ruɓewa yake yi, na baƙin ƙarfe tsatsa ke cinye shi. Shi alminiyum da zarar ya sha iska sai ya yi wa kansa wata siririyar fata da ke kare shi, ga shi nauyinsa kusan sulusin na baƙin ƙarfe ne, saboda haka jirgin ba ya shan mai da yawa. Cutarsa daga maƙwabta take zuwa. Zama da maɗaukin kanwa, in ji Hausawa, shi ke kawo farin kai. Idan alminiyum ya taɓa jan ƙarfe ko tagulla alhali ruwa na tsakaninsu, sai su zama tamkar batir, wuta marar ƙarfi ta riƙa gudana dare da rana, kuma alminiyum ɗin ne ke zaizayewa. Shi ya sa gwanin wannan sana'a ba ya barin ko guntun waya a ƙasan cikin jirgi. Kwabon Amurka da aka buga kafin 1982 kusan dukkansa jan ƙarfe ne. Idan ɗaya ya faɗo daga aljihu ya kwanta a inda ruwa ke taruwa, sannu a hankali zai ci rami a wurin. Fentin da ake shafa wa gindin sauran jirage don hana gansakuka yawanci akwai jan ƙarfe a cikinsa, kuma a jikin wannan jirgi guba ne. Hatta noti na silba ba a ɗaura shi haka kawai, sai an shafa masa wani man da zai raba shi da gangar jikin.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne dabarar fansa. Ana ɗaura wa jirgin wasu dunƙulen ƙarfe a ƙarƙashin ruwa, waɗanda suka fi alminiyum ɗin saurin zaizayewa, tutiya a ruwan gishiri, magniziyam a ruwan daɗi, don cin ya koma kansu. Mai jirgi yana duba su kamar yadda makiyayi ke duba haƙoran saniya. Idan sun cinye rabi, sai a sauya. Idan kuwa shekara ta zagayo suna nan sumul, hankalinsa tashi yake, domin alama ce ba sa aiki, wani wurin ne ake ci. Da yawa daga jiragen Marinette suna da mita da ke nuna ko gangar jikin tana cikin kariya. Wanda ya ƙware, da ya ga allurar ta gusa daga mazauninta zai fara bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya, har da wayar wutar da ke shigowa daga matsayar jirage, tunda ta nan ma jirgin maƙwabci zai iya jawo masa ciwo.

Wanda ya sayo tsohon jirgi zai gyara, aikinsa na farko tonon silili ne. Zai ɗaga katakon daɓe, ya yaye kafet, ya cire duk soso da ya jiƙe, saboda inda danshi ya manne iska ba ta shiga, nan ne fatar nan ke kasa sabuntuwa. Alamar ita ce wani farin gari da ƙananan ramuka, irin wanda uwargida ke gani a tukunyar alminiyum da aka bar jiƙon kanwa a ciki. Ramin da bai yi zurfi ba a goge a cike. Inda farantin ya yi siriri, a yanke a sa sabo.

A nan ake gane mai walda na gaske. Baƙin ƙarfe yana yin ja kafin ya narke, ya ba ka labarin halin da yake ciki. Alminiyum ba ya sauya launi. Yana kaiwa digiri 660 sai kawai ya zube, ramin da aka zo toshewa ya ninka. Fatar da ke samansa kuwa sai zafi ya haura digiri 2,000 take narkewa, don haka dole a kankare ta da burushin da bai taɓa wani ƙarfe ba, a goge maiƙo tas, sannan a yi waldar a ƙarƙashin iskar argon. Tsohon farantin da ya shekara hamsin yana shan mai da ruwa ba ya karɓar walda cikin sauƙi. Hannun da ya iya jan layi mai tsabta a kansa, yana kwance rigingine a ƙarƙashin jirgi, ya cancanci a jinjina masa.

Wajen fenti ma tsere ake yi da lokaci. Ana gogewa har ƙarfen ya fito fari tas, a ranar kuma za a shafa shafin farko, in ba haka ba fentin ɓarewa zai yi.

Injin bai kai sauran wahala ba. Jiragen da dama suna ɗauke da Chrysler 318 mai silinda takwas, ɗan'uwan wanda ke cikin tsofaffin motocin Amurka, kuma makanikai sun san shi ciki da bai. Sai dai na fetur ne, kuma tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasan jirgi yake kwanciya. Saboda haka ƙa'ida ce a kunna fankar fitar da shi na minti huɗu kafin a murɗa makulli.

Duk wanda Allah ya kai shi gaban irin wannan jirgi da niyyar saye, kada sheƙin fenti ya ɗauke masa hankali. Ya nemi tocila, ya ɗaga katakon daɓe, ya durƙusa ya duba ƙasan ciki tukuna.