Abin da Fenti Ya Rufe: Nazarin Ginin Firam ɗin Tsofaffin Babura a Digil

A ƙasar Mubi ba kasafai inji ke kashe tsohon babur ba. Inji in ya gaji sai a sauke shi, a sa masa sabon fistin da ringi, a wanke kafireto, gobe ya tashi. Abin da ke kwantar da babur kwanciyar da ba tashi shi ne firam, ƙarfen da ya riƙe wuya da inji da ƙafar baya wuri guda. Ranar da ya tsage ko ya karkace, bakanike yakan goge hannunsa ya ce wa mai shi, "Baba, wannan ba aikina ba ne, sai mai walda." Daga nan maganar ta koma hannun mutanen da ake kallo a matsayin masu ƙera ƙofa da taga, alhali ran duk wanda zai hau babur ɗin yana rataye da abin da suka liƙa.

Digil mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Mubi ta Arewa, a bakin gari, inda harkar birni ke haɗuwa da ta ƙauye. Wannan zaman nata shi ya tsara irin aikin da ake kawo wa masu waldarta. Gabas da Mubi duwatsun Mandara ne, hanyoyinsu hawa da gangara da tsakuwa, har zuwa Sahuda da iyakar Kamaru. Babur a nan abin ɗaukar kaya ne kafin ya zama abin hawa: buhun masara mai kilo 100, akuya biyu a ɗaure, ko jarkokin fetur, wanda a arewacin Kamaru ake kira zuwa-zuwa. Jarka mai lita 25 ta fetur ta haura kilo 18. In aka jera shida, an ɗora wa bayan babur abin da ya kai nauyin babur ɗin kansa, ga direba kuma a kai. Babu injiniyan Japan da ya zana firam da wannan lissafi a ransa.

Aikin ƙarfe kuwa ba baƙo ba ne a wannan yanki. Sukur da ke ƙaramar hukumar Madagali, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, ta yi suna ne da narka tama tun kafin Turawa su zo, kuma maƙera suna da matsayinsu na daban a tsakanin al'ummomin dutsen. Mai walda na yau ba lallai ya gaji ƙira ba, amma ya tarar da jama'ar da ta saba kai karyayyen ƙarfe wurin mai wuta maimakon ta jefar.

Baburan da ake kira tsofaffi yanzu galibinsu sun shigo ne a shekarun 1970, musamman bayan ƙarin albashin Udoji, lokacin da malamin makaranta da malamin asibiti suka iya sayen sabo: Vespa, Honda Benly, Roadmaster, Suzuki 100, Yamaha 100. Da aka karya darajar naira a 1986 ƙarƙashin tsarin SAP na Janar Babangida, sabon babur ya fi ƙarfin ma'aikaci, sai kowa ya rungumi wanda yake da shi. A wannan matsin ne gyaran firam ya zama sana'a mai zaman kanta. Zuwan Jincheng daga Sin, da Bajaj Boxer daga Indiya a bayansa, ya ture tsofaffin daga kan titi amma bai kashe su ba. Abin da ya fi yi musu illa shi ne shekarun rikicin Boko Haram, lokacin da hukumomi suka hana zirga-zirgar babura a Mubi, sannan garin ya faɗa hannun 'yan ƙungiyar a ƙarshen Oktoban 2014 mutane suka watse. Babur da yawa sun yi damina bayan damina a jingine, ruwa ya kwanta a cikin ƙarfensu ya ci su ta ciki.

Kafin a yanke wa mai walda hukunci, ya kamata a san cewa firam iri biyu ne, kuma ba hannu ɗaya suke so ba. Akwai na bututu, wanda aka lanƙwasa aka harhaɗa. Akwai kuma na fallen ƙarfe da aka matse da inji aka haɗa gefe biyu, irin na Honda Super Cub da ya fito a 1958, da irin na Vespa, wadda Corradino D'Ascanio ya zana wa kamfanin Piaggio a 1946. D'Ascanio injiniyan jirgin sama ne, shi ya sa ya mai da jikin Vespa kansa ya zama firam: farantin da kake ɗora ƙafa a kai yana cikin abin da ke riƙe gaba da baya. Wanda bai san haka ba yakan ga tsatsa ta huda wurin, ya liƙa gwangwani ya shafe da fenti, yana zaton ado ya gyara, alhali ƙashin bayan babur ɗin ne ya ruɓe. Irin wannan siririn ƙarfe ba ya jure waldar lantarki, ko da wayar geji 12 ce, nan da nan take huda shi. Waldar kabaid yake so, mai wuta a hankali, kuma masu haƙurin yin ta sai raguwa suke yi.

Mafi yawan abin da ake kawowa ƙari ne. Mai babur ya zo ya ce, "Oga, a ƙara mini ƙarfe, kaya nake ɗauka." Sai a tsawaita kariya da rodi, a kafa mata ƙafafu biyu zuwa ƙasa, a ƙara shokozoba ta zama huɗu, a liƙa faranti a wuya. A nan ne nake da babbar magana da wannan sana'a. An ɗauka cewa yawan ƙarfe shi ne ƙarfi, kuma walda mai kauri ita ce mai kyau. Mai babur kansa abin da yake so ya gani ke nan kafin ya biya. Amma firam an yi shi ne ya ɗan riƙa lanƙwasa yana komawa, ya raba nauyi a duk tsawonsa. In aka ƙanƙare wuri ɗaya da tulin walda, duk wahalar sai ta taru a bakin wurin. Shi ya sa in ka duba firam da ya sake karyewa, da wuya ka ga waldar ce ta buɗe. Gefenta ne ya tsage, inda wuta ta dafa ƙarfen ta sauya masa hali. Mai walda ya nuna maka ya ce aikinsa na nan daram, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai aikin nasa ne ya jawo tsagar.

Akwai wasu ɗabi'u da ke ƙara ɓata lamarin. Ɗaya ita ce kwara wa walda ruwa tana ja, don a yi sauri a sallami mai jira. Rodin gini da gutsuren sifirin mota, waɗanda ake yawan tsinta a yi ƙari da su, ba su yafe wannan: su yi tauri su yi gautsi, wata rana a cikin rami su ɓalle ba gargaɗi. Wata kuma ita ce amfani da bututun ruwa mai farin shafi. An yi shi ne don ya ɗauki ruwa, yana da ɗinki a tsawonsa, kuma hayaƙin shafin nan in ya ƙone yana sa zazzaɓi da ciwon kai. Yaran shago ne ke shaƙarsa, su da ake ba baƙin tabarau na kasuwa a maimakon garkuwar fuska. Wannan yana ci mini rai, domin yaro ne da aka kawo ya koyi abin da zai ci abinci da shi, sai a fara karɓar idonsa da ƙirjinsa tun bai kai ga yaye ba.

Duk da haka, wanda ya tsaya ya kalli gwani a cikinsu zai ga ilimi na gaske. Gwani ba ya yanka bututu a miƙe ya haɗa baki da baki. Yakan yanka a karkace, ya zura wani guntu a ciki ya zama ɓargo, ya ɗiga walda nan da can, ya duba, sannan ya cika, yana tsallakawa daga gefe zuwa gefe don kada zafi ya ja ƙarfen wuri ɗaya. Ya ɗaura zare daga tayar baya zuwa ta gaba ya ga ko sawunsu ɗaya ne. A ƙarshe ya hau, ya sassauta hannu a kan hanya mai kyau, ya ji ko babur ɗin na ja hagu ko dama. Aikinsa kamar na mai ɗori ne: haɗa ƙashi kowa na iya ƙoƙartawa, a miƙe ƙafa ta taka daidai shi ne gwaninta. Kuma a ganina inda basirarsu ta fi fitowa shi ne keken guragu mai inji. A ɗauki gaban tsohon babur da injinsa, a gina sabon baya mai taya biyu, a mai da giya da burki zuwa hannu, a auna wurin zama da jikin mutumin da zai hau. Babu zane, babu littafi, kuma babu guda biyu da suka zama iri ɗaya, domin naƙasar kowa daban ce. Wannan ƙira ce cikakkiya, ta mai da wanda ke rarrafe ya zama mai zuwa kasuwa da kansa.

A Birtaniya ma wannan sana'a a ƙananan shaguna ta girma. 'Yan'uwa biyu a Belfast, Rex da Cromie McCandless, su suka gina firam ɗin da kamfanin Norton ya fara tsere da shi a 1950, wanda ake kira Featherbed. Ya yi kyau har matasa suka riƙa cire injin Triumph suna ɗora shi a kai, suka sa wa abin suna Triton. Derek da Don Rickman su ma sun yi suna da firam ɗinsu na Metisse. Ba hannu suka fi namu ba. Abu biyu suke da shi: bututun da aka san sinadarinsa, irin Reynolds 531, da kuma teburin ƙarfe mai maƙalai da ke riƙe wuya da mazaunin inji da na ƙafar baya a inda ya dace, har a gama walda ta huce. Karkatar wuya kaɗan, wadda ido ba zai kama ba, ta isa ta sa kan babur ya riƙa rawa in an yi gudu. Namu a ƙasa yake aiki, yaro na riƙe da ƙarfe, dutse na tokare da inji. Cewa yana samun daidai sau da yawa abin yabo ne. Cewa wani lokaci ba ya samu, kuma ba shi da hanyar sani sai an hau, shi ne raunin sana'ar.

Sai batun wuya, inda kamfani ke buga lambar shasi a yawancin babura. Mai gaskiya in zai sauya wuya yakan nemi ganin takardu, ya bar lambar a inda take ko da aikin zai ƙara wuya. Wanda ba ruwansa kuwa, shagonsa na iya zama wurin da babur ɗin sata ke sauya kama, kuma bakin iyaka ba ya rasa masu neman irin wannan. Ɗaya in ya yi, duk layin ake zargi.

Teburin da na ambata ba abin a yi odarsa daga waje ba ne. Dogayen ƙarafa biyu masu kauri, da sanda mai zare da za ta ratsa wuya, da ma'aunin ruwa irin na magina, sun isa, kuma masu waldar da kansu za su ƙera shi. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tana nan cikin Mubi da ɗalibanta na injiniyanci masu neman aikin kammala karatu kowace shekara. Da ƙungiyar masu walda za ta zauna da su, a yi tebur ɗaya na haɗin gwiwa a Digil, a rubuta awon kowane samfuri a manna a bango, da an rage dogaro da sa'a. Sai dai awon Benly ko Roadmaster ko Suzuki 100 ba ya samuwa sai daga firam da bai taɓa karyewa ba, kuma irin waɗannan su ne 'yan gwangwan ke bi gida gida suna saye da kilo, ana lodinsu a manyan motoci zuwa masana'antun narka ƙarfe.