Jinjina ga Masu Shirya WALL-E

Finafinan kimiyya sun saba nuna mana gobe cike da yaƙi da hayaƙi. Shi ya sa nake sara wa Andrew Stanton da abokan aikinsa na Pixar, da suka ƙi yanke ƙauna.

A WALL-E na 2008, duniya ta zama juji, mutane sun yi shekara 700 a sararin samaniya. Sai wani ɗan mutum-mutumi mai tara bola ya tsinci tsiro guda, kore shar, ya sa shi cikin tsohon takalmi yana lallaɓa shi kamar ƙwai. Wannan tsiron ne ya dawo da mutane gida.

Muna gama kallo, ƙaramar 'yata ta ɗebo ƙasa a gwangwanin madara, tana roƙon babarta irin wake.