Ruwa Mai Yauƙi na Daqing

Ɗanyen mai yana maƙale ne a 'yan kafofin dutse can ƙarƙashin ƙasa. Idan ƙarfin da ke tunkuɗo shi ya ragu, sai a ɗura ruwa ta wata rijiya domin ya koro shi zuwa ta kusa. To amma ruwa ya fi mai sauri, kuma ba ya son wahala: da ya samu hanya mai sauƙi sai ya bi ta ya wuce, ya bar man jibge a gefe. Haka filin mai na Daqing da ke lardin Heilongjiang a ƙasar Sin, wanda aka gano a 1959, ya kai matsayin da kusan kashi 90 cikin ɗari na abin da rijiyoyinsa ke fitarwa ruwa ne.

Injiniyoyin wurin, cikinsu har da Wang Demin, suka ce a kaurara ruwan. Ana narka garin wani sinadari da ake kira polima, gram ɗaya ko biyu a kowace lita, sai ruwan ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa. Ruwa mai yauƙi ba ya iya zurarewa. Dole ya bazu, ya tura man gaba ɗaya. Daga 1996 aka kama aikin gadan-gadan, kuma ya ƙara fito da kimanin kashi 10 cikin ɗari na man da ke kwance tun asali.

Faɗar da sauƙi. Gwanintar tana wajen damu. In aka juye garin lokaci guda sai ya yi gudaji, waje a jiƙe ciki a bushe, ya je ya toshe bakin dutsen. Don haka barbaɗa shi ake yi, a juya a hankali, a ba shi lokaci ya jiƙu sosai. Bayan nan sai lallaɓawa, domin zaren polima dogo ne mai saurin tsinkewa. Famfo mai gaggawa yana yayyanka shi, gishiri yana kashe masa kauri, tsatsar bututu ma ba ta bar shi ba. Daqing dai ya taki sa'a: zafin ƙasarsa bai wuce digiri 45 ba sosai, ruwansa kuma ba shi da gishiri da yawa.

Da polima ta gama nata, akwai sauran ɗigon mai da ya manne wa dutse. Shi kuwa sai an wanko shi. Nan ake haɗa uku: polima, sinadari dangin sabulu, da wani dangin kanwa wanda ke haɗuwa da tsamin da ke cikin man ya haifar da sabulu a can ƙasa. Ƙarin man da ake samu kan kai kashi 20 cikin ɗari. Sai dai kanwar tana tara ɓawo a bututu har famfo ya cije, man kuma ya fito a cakuɗe da ruwa, raba su ya zama wani aikin na daban.