Muna Ba Su Sadaka, Muna Hana Su Wuri

'Yan uwana mata, duk wadda ta taɓa cin kasuwar Talata Mafara ta san inda guragu da makafi ke zama: bakin hanya, gefen tasha, cikin ƙura. Mukan miƙa musu ɗan abin da ya sawwaƙa, mu amshi addu'a, mu wuce zuciya fari ƙal. To ni wannan farin cikin namu nake tuhuma, domin ya yi arha da yawa.

Da yawan guragun nan shan inna ce ta kama su suna goye a bayan uwa. A 2003 aka dakatar da rigakafinta a wasu jihohin Arewa, har da tamu Zamfara, kan jita-jitar wai maganin yana hana haihuwa. Cuta ta samu fili. Jariran wancan lokaci yau sun haura shekara 20. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka, aka yi ta murna a rediyo, amma ƙafar da ta shanye ba ta dawo ba. Haka gubar dalma ta 2010 a ƙasar Anka da Bukkuyum: ta kashe yara kamar 400, ta bar wasu da taɓuwar ƙwaƙwalwa.

Doka kam akwai. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana wariya ga naƙasassu. Ta ware musu kashi 5 cikin 100 na aikin gwamnati, ta hana a riƙa yawon bara da su, ta ba da shekara 5 a gyara gine-gine yadda mai keke zai iya shiga. Wa'adin ya cika tun 2024. Abin da muka fi gani dai shi ne rabon kekuna gaban mai hoto, manya sun sha babbar riga. In taya ta fashe bayan wata biyu a wani ƙauyen Bakura ko Maradun, wa zai koma? Ai aikin kula da jama'a bin gida-gida ne, a san sunan yaro, a san ko yana zuwa makaranta.

Amma kada mu ɗora wa hukuma komai, don babban laifin a tsakar gidanmu yake. Mu ne in baƙi suka yi sallama sai mu tura ɗiya kurma ɗaki, mu ja labule. Ƙannenta su tafi Islamiyya, ita a bar ta da wanke-wanke, wai me za ta gane? Sunan yanka ma ya ɓace, sai "bebiya". Haba jama'a! Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, amma ladan ne a Madina, kuma Manzon Allah (SAW) yakan bar masa riƙon garin in zai fita.

Sai kuma maganar aure, wadda ta fi ci mini rai. Gurguwa ta iya ɗinki, ta iya girki, ga kunya ga addini. Saurayi ya gani ya ce yana so, ubansa ma ya yi shiru. Wa ke tashi ta ce ba a zuriyarta ba? Uwar yaro ce da gwaggonninsa, waɗanda ranar Juma'ar nan suka aika wa makafin bakin masallaci ƙwaryar fura.